Na je neman teriyaki, na dawo da daddawar Inna

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, wanda yake cikin lakca ya ajiye sai ya fito. Labarin miya ne, amma ni dai ya hana ni barci kwana biyu, shi ya sa na ce bari in sauke shi a nan.

Ranar da muka yi difens ɗin tsarin bincikenmu, wata 'yar ajinmu da ke aiki a Abuja ta ce yau ita za ta ciyar da mu. Mu biyar ta kwasa a motarta, sai wani gidan abinci a Wuse. Kun san irin wuraren nan da in ka shiga kake rage ƙarar takalminka. Aka kawo takardar abinci, na duba sama na duba ƙasa, ban da shinkafa babu abin da na gane. Don kada a ce baƙauya ce, na ɗora yatsa a kan wani suna na ce a kawo min wannan. Ashe kaza ce da teriyaki.

Naman ya zo yana ƙyalli kamar an shafe shi da man kaɗanya. Ga zaƙi, ga gishiri, ga kuma wani ɗanɗano a can ƙasan harshe da na rasa sunansa, amma na ji kamar na san shi a wani wuri. Da aka kawo lissafi na saci kallo. Farantina kaɗai ya ci kuɗin motata na mako guda. A raina na ce, wallahi sai na koyi yin abin nan da hannuna. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji masu iya magana.

Da aka ba mu hutu na dawo gida. Gidanmu yana gefen Dutsen Zuma, tsakanin Madalla da Suleja. Dutsen nan da kuke gani a bayan naira ɗari, shi nake fara gani in na fito alwalar asuba. Na zauna a tsakar gida na buɗe waya na fara bincike.

Abu na farko da na gano, teriyaki sunan salon girki ne na mutanen Japan. Kalmomi biyu ne aka haɗa: "teri" wato ƙyalli, da "yaki" wato gashi. Gashi mai ƙyalli ke nan. A can ƙasar ma an fi yin sa da kifi. Irin wannan "yaki" ɗin ne a cikin yakitori, naman kaza da suke tsirewa a tsinke su gasa a kan gawayi, wanda in mai tsiren bakin tashar Suleja ya gani zai ce sana'arsa ce aka sata.

Abu na biyu shi ne ya sa gabana ya faɗi. Asalin haɗin kayan huɗu ne: soya sos, wato baƙin ruwan nan na waken suya, da sukari, da wasu abubuwa biyu da ake kira sake da mirin. Sake giyar shinkafa ce. Mirin ma giyar shinkafa ce mai zaƙi wadda ake girki da ita, kuma ta ainihin tana da barasa kusan kashi 14 cikin ɗari. Ita ce ma take taimakawa wajen ba naman wannan ƙyallin da ya ruɗe ni.

Innalillahi. Na ajiye wayar na yi shiru. To me na ci ranar nan a Wuse?

Na kira wadda ta kai mu, ta yi dariya ta ce ai in an dafa barasa tashi take yi a tururi. Na koma na duba. Ba duka take tashi ba. Binciken da aka yi wa ma'aikatar noma ta Amurka ya nuna cewa in aka zuba barasa a miya aka bar ta tana tafasa minti 15, kusan kashi 40 cikin ɗari na nan bai tafi ba. Sai an kai sa'a biyu da rabi ake saura da kamar kashi 5. Teriyaki kuwa minti kaɗan yake yi a wuta. Ba na cewa gidan abincin nan giya suka zuba min, akwai masu amfani da haɗin kwalba da babu mirin a ciki. Laifina ne da ban tambaya ba, saboda ina jin kunyar a gane ban san abin da na nuna da yatsa ba.

Da daddare na faɗa wa Baba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Abin da kika ci cikin rashin sani ya wuce, ki yi istigfari. Amma yanzu kin sani. Mai tambaya ba ya ɓata." Ku ma 'yan uwa, in aka kai ku irin wuraren nan, ku tambaya. Wanda zai raina ku don kun tambayi me aka sa a abincin da za ku ci, dama can ya raina ku.

Shi kansa soya sos ɗin akwai magana a kansa. Wanda aka yi ta hanyar gargajiya ana haɗa waken suya da alkama da gishiri a bar su watanni suna tsima, kuma a cikin tsimawar ɗan barasa kan fito da kansa, kamar kashi 2 cikin ɗari. Malamai suna da bayani a kan irin wannan, ni kuma ba malama ba ce, kowa ya tambayi malaminsa. Abin da na yi shi ne na nemi kwalbar da ke da tambarin halal, na karanta jikinta layi bayan layi kafin in biya.

Sauran kayan duk a kasuwar IBB na saye su. Ɗanyar citta, tafarnuwa, ruwan khal, kaza. Zuma kuwa akwai ta a gida. Citta da tafarnuwa ba sa cikin asalin haɗin na Japan, a Hawai da sauran Amurka ne abin ya sauya a hannun Japanawan da suka yi ƙaura can, har wasu na sa ruwan abarba. Da na karanta haka hankalina ya kwanta. Tunda an sauya shi a Hawai, ni ma ina da damar sauya shi a Zuma. Cittar dai ta ba ni haushi da tsada. Tun cutar da ta cinye gonakin citta a kudancin Kaduna a 2023, wajen Kachia da Kafanchan, mai citta ya zama mai gwal.

Gwajin farko abin ba a cewa komai. Na hura gawayi ya yi jajir, na juye soya sos da sukari da zuma a tukunya, na kuma yi abin da hannuna ya saba, na marmasa Maggi biyu a ciki. Kafin in yanka albasa hayaƙi ya turnuƙe kicin. Sukari da zuma ba sa son wuta mai ƙarfi, nan da nan suke ƙonewa su yi ɗaci. Abin da ya rage a gindin tukunya kamar kwalta. Na ɗan lasa, gishirin ya kusa tsaga min harshe. Ƙanena ya leƙo ya ce, "Yaya, wannan shi ne mastas ɗin?" Na jefe shi da murfin roba.

Inna tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta tana tsintar shinkafa, duk tana kallona ba ta ce komai ba. Sai da hayaƙin ya lafa ta ce, "Ke 'yar nan, miƙo min kwalbar in gani." Ni ce 'yar fari, ba ta kiran sunana. Ta buɗe, ta shinshina, ta ɗiga a tafin hannu ta lasa. Ta sake lasa. Sannan ta ce, "Wannan ai ruwan daddawa ne aka cika masa gishiri. Nawa kika saya?"

Da na faɗa mata kuɗin sai ta yi salati ta mayar da murfin.

A nan ne labarin ya juya, kuma a nan ne zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Innata daddawa take yi. Tun ina ƙarama sana'arta ke nan. Da yamma take ɗora kalwa a babbar tukunya, ta kwana tana dahuwa. Da safe a surfa ta a turmi a cire ɓawon, a wanke tas, a sake dafawa, sannan a juye a kwando a rufe da ganye da buhu a kai ɗaki mai ɗumi. Bayan kwana biyu zuwa uku warin zai sanar da unguwa cewa ta yi. Sai a kirɓa, a fasalta ta, a shanya a rana. Daga kuɗin daddawar nan aka saya min fom ɗin jarrabawar shiga jami'a. Daga ciki ake cika min kuɗin mota in albashin Baba bai kai ƙarshen wata ba. Ko kuɗin rajistar mastas ɗin nan akwai adashen Inna a ciki.

Ranar da zan tafi jami'a a karo na farko, ta ƙulle min daddawa a leda uku ta sa a ƙasan jakar garin tuwo. Mu shida ne a ɗakin hostel. A dare na biyu wata daga cikinmu ta shigo, ta toshe hanci ta ce, "Wai ɓera ne ya mutu a ɗakin nan?" Ta ɗauko turare ta dinga fesawa, sauran suna dariya suna leƙa ƙarƙashin gadaje. Ni ma na taya su nema. Wallahi har da ni a masu cewa "kai, wannan wari!" Da kowa ya yi barci na lallaɓa na ɗauki ƙullin na kai juji a bayan hostel.

Shekara huɗu, duk komawa makaranta sai Inna ta ƙulle min. Duk komawa kuma sai in bayar a tasha, ko in bar wa maigadin hostel. Miyata ta koma ta Maggi zalla. Na koyi cewa "ni ba na son daddawa" da irin muryar da ake faɗin haka.

Yanzu ga ni, na kusa talatin, na kashe kuɗin da ya fi ribar kwando guda na Inna a kan kwalbar da ta lasa sau biyu ta gane 'yar uwar sana'arta ce.

Don in tabbatar, na kira wata ƙawata da ke sashen nazarin ƙananan halittu. Ta ce Inna ba ta yi nisa da gaskiya ba. Hanyoyin sun bambanta: soya sos wani irin fumfuna ake fara sa masa wanda Japanawa ke kira koji, daga baya ya tsima a ruwan gishiri, ita kuwa daddawa ƙwayar bakteriya ce mai suna Bacillus subtilis take aikin, kuma ita ke fitar da wannan warin mai kama hanci. Amma duk inda aka bi, wuri ɗaya ake sauka. Ana narkar da furotin ɗin da ke cikin ƙwayar ne har wani sinadari mai suna gulutamet ya fito, shi ne ɗanɗanon nan na ƙasan harshe. Wani farfesa a Tokyo mai suna Kikunae Ikeda ya gano shi a 1908 daga wata ciyawar teku, ya sa wa ɗanɗanon suna umami. A 1909 aka fara sayar da shi a matsayin Ajinomoto, farin magin nan da ke kowane teburin mai kayan miya.

Ta ƙara min da cewa ainihin 'yar uwar daddawa a Japan ita ce natto, waken suya da ake tsimawa da irin wannan ƙwayar ta Bacillus subtilis. Yana da yauƙi, yana da wari, kuma da safe suke cin sa da shinkafa ba tare da sun nemi afuwar kowa ba. Awarar da muke layi a kanta a bakin hostel kullum da yamma ma, daga can gabashin Asiya asalinta yake, tofu suke kiranta. Ita kuma daddawa ba mu kaɗai ke da ita ba. Yarbawa na ce mata iru, a Mali da Burkina Faso sumbala, a Senegal netetu.

Ɗanɗanon da na ji a Wuse na ce kamar na san shi, ashe da shi aka yaye ni.

Washegari na ce, "Inna, ki zo ki taya ni." Ta yi kamar ba za ta zo ba, sai ga ta da kujerarta 'yar tsugunno. Ita ta fara janye rabin gawayin ta ce wutar ta yi yawa. Ita ta hana ni taɓa Maggi. Da na ce a waya an ce a sa farin garin masara na kanti don ya yi kauri, ta ce, "Ga gasarar koko a roba, me za ki saya?" Kuma ta yi daidai. Daga ƙarshe ta gutsuro 'yar daddawa kamar ƙwayar gyaɗa, ta daka ta da citta da tafarnuwa ta ce in zuba. Na yi gardama, ta harare ni, na zuba.

Ga yadda muka yi, ga mai son gwadawa:

Soya sos rabin kofin shayi. Ruwa rabin kofi. Zuma cokali 2 na cin abinci. Sukari cokali 2. Ruwan khal cokali 1, in babu a matse lemon tsami. Ɗanyar citta kamar kan babban yatsa. Tafarnuwa ƙwaya 3. Daddawa 'yar kaɗan ga mai so. Gasarar masara cokali 1, a dama ta da ruwan sanyi cokali 2.

A daka citta da tafarnuwa da daddawar su yi laushi. A haɗa komai a tukunya ban da gasarar, a ɗora a wuta kaɗan-kaɗan ana juyawa. In ya fara tafasa a ba shi kamar minti biyar. Sai a zuba damammiyar gasarar a hankali ana juyawa ba tsayawa, minti ɗaya zuwa biyu zai yi kauri ya fara ƙyalli. In ka tsoma cokali ya fito a lulluɓe, ya yi, a sauke. Khal da zuma su ne suka tsaya a madadin mirin, ɗaya ya kawo ɗan tsami, ɗaya ya kawo zaƙi da ƙyalli.

Naman kuma a soya shi ko a gasa shi daban har ya kusa nuna, sannan a shafa haɗin a minti uku na ƙarshe. In aka sa tun farko ƙonewa zai yi kafin naman ya nuna. Kada a ƙara gishiri, kada a ƙara magi, soya sos kansa gishirinsa ya kai kusan kashi 16 cikin ɗari. Mai hawan jini ya yi hattara, mu ma ɗan kaɗan muka shafa wa na Baba. In an jiƙa ɗanyar kaza a cikin haɗin, kada a zuba ragowar ruwan a kan abinci sai an tafasa shi sosai. 'Yan hostel da ba su da firij, ku yi daidai wanda za ku cinye a ranar. Kuma ba dole sai kaza ba. Na gwada da soyayyar awara, wallahi ya fi dacewa da aljihun ɗalibi, kuma ya yi daɗi.

Baba ya ci yanka ɗaya, ya yi shiru, ya ce, "Nama ne ko alewa?" Amma ya miƙo kwano a ƙara masa. Ƙanena mai tsokana shi ya suɗe tukunyar.

Da muka zauna wanke-wanke ni da Inna, na kasa riƙe abin. Na faɗa mata komai, ɓeran da ya mutu, jujin bayan hostel, maigadi, tasha. Ina magana ina kallon kwanon da nake cuɗawa don ba zan iya kallonta ba. Na zata za ta yi faɗa ko ta yi kuka.

Ta ci gaba da ɗauraye ludayi ta ce, "Ai na sani."

Na ce, "Wa ya faɗa miki?"

Ta ce, "Shekara huɗu, kin bugo kin ce gari ya ƙare, kin ce mai ya ƙare, kin ce kuka ta ƙare. Ba ki taɓa cewa daddawa ta ƙare ba."

Na ce, "To Inna, me ya sa kika ci gaba da ƙulle min?"

Ta ce, "Ita nake da ita."

Ban san sanda hawaye ya zubo min a cikin ruwan wanke-wanken ba.

Akwai abin da har yanzu yake ci min rai, kuma ba zan ɓoye ba. Ban ga darajar daddawa ba sai da na ji cewa mutanen Japan ma suna da irinta. Da Inna ce kawai ta faɗa min tana da amfani, da na ce maganar tsofaffi ce. Sai da aka kawo min sunan farfesa da sunan ƙwayar halitta da Latin sannan na yarda. Mu 'yan Suleja ya kamata mu fi kowa sanin wannan ciwon. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan naira ashirin, a ƙauyensu ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya. Ta riga ta ƙware kafin ta shiga cibiyar tukwane ta Michael Cardew a garin nan a 1954, lokacin ana kiran garin Abuja. Hannun nan dai shi ne, amma da yawa ba su ɗaga kai sun kalle shi ba sai da tukwanenta suka je Landan. Irin abin da na yi wa Inna ke nan, ni da ta haifa.

Ba ina cewa a daina cin abincin wasu ƙasashe ba. Teriyaki yana da daɗi, zan ci gaba da yi, kuma na ji daɗi da na iya yin wanda na san duk abin da ke cikinsa. Amma da yawanmu da muka fito daga gidajen da ake surfe da daka, mun shigo jami'a muna ɓoye wani abu a ƙasan jaka. Wani kuka ce, wani sana'ar babansa, wani karin harshen garinsu, wata sunan ƙauyensu. Wanda ya yi mana dariyar ma ya manta tuntuni, mu ne muke ɗauke da abin shekara da shekaru.

Ran Lahadi na koma makaranta. Inna ta ƙulle min kamar yadda ta saba, na kwance ledar na juye a kwalba mai murfi na ɗora a kan kanta kusa da kwalbar soya sos. Abokiyar zamana ta ɗauka ta buɗe ta shinshina. Na shirya mata amsa tsaf a bakina. Sai ta ce, "Kai, wannan ta gida ce. Don Allah ki sam min, ta kasuwar nan duk gauraye ce." Na ba ta rabi. Jiya da daddare na bugo wa Inna na ce daddawa ta kusa ƙarewa. Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce za ta ba direba ran Juma'a.

Wanda ya gwada haɗin nan ya faɗa min yadda ya fito masa, musamman masu risho, don ban gwada a kansa ba tukuna. Wanda kuma ya taɓa kai wani ƙulli juji kamar ni, in mai ƙullin tana raye, ya buga mata waya yau.

Allah Ya saka wa iyayenmu da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu. Masu difens a wannan zangon, Allah Ya ba da sa'a.